Tambaya da Amsa: Baba, dole ne sai na cike katin zakkar coci?

Wannan satin wasiƙu uku na zaɓo daga cikin waɗanda suka shigo, kuma duka ukun akan abu ɗaya suke, wato zakkar da ake bayarwa a coci, kashi ɗaya cikin goman nan. Kamar yadda muka saba bana saka sunan kowa, unguwa kawai nake faɗa. Ta farkon ce tafi tsaya min a rai, shiyasa zan daɗe akanta.

TAMBAYA: Baba ina wuni, ya iyali ya ƙarfin jiki. Ni Kirista ce Bahaushiya ina zaune a Brigade, mijina ya rasu shekara huɗu kenan ya barni da yara uku, ɗinki nakeyi a ƙofar gida da keke ɗaya, wani watan in samu kamar dubu 70 wani watan ko rabin haka baya shigowa musamman in ba lokacin Sallah ko Kirsimeti bane. A cocinmu akwai katin zakka kowa da nasa, duk ƙarshen wata ma'aji yana sa hannu, toh ni nawa yakai wata bakwai ba komai a ciki saboda haya da kuɗin makaranta, ran nan bayan sujada wani dattijo ya kirani gefe yace in ban cike katin ba kada in sa ran coci zata tsaya min a bikin 'yata da za'ayi, ya buɗe littafin Annabi Malakai sura 3 ya karanta min yace ni ɓarauniya ce a gaban Allah, wallahi Baba ranar ko ruwa da kyar na iya haɗiya. Sannan ƙanina dake tuƙa adaidaita sahu shi tun bara yace ya daina bada zakka kwata-kwata wai babu ita a Sabon Alkawari, baiko dai, wato kuɗin da ake sakawa lokacin sujada, yana sakawa kuma shi yake siya wa wata tsohuwa maƙwabciyarsa magani, toh watan jiya mota ta bugi mashin ɗinsa a titin Katsina sai mutane suke ta cewa la'anar zakka ce ta kamashi. Dan Allah Baba ka faɗa min gaskiya, dole ce? Kuma ƙanina ya fita daga addini kenan? Daga 'yarka a Brigade.

AMSA: 'Yata lafiya lau, Allah ya raya miki marayun nan, ki kuma gaida min ƙanin naki da jiki. Bari in fara baki amsar kafin in shiga dogon bayani, don nasan ita kike jira: ke ba ɓarauniya bace, kuma ƙaninki bai fita daga addini ba. Maganar hatsarin kuwa, ki buɗe Luka 13 aya ta 4, inda Yesu yayi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu suka mutu, ya tambayi jama'a ko suna zaton waɗannan sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne, shi da kansa ya amsa yace a'a. Duk wanda yake bin titin Katsina da yamma yasan masu cike kati da marasa kati duk hatsari yana samunsu.

Yanzu mu koma kan ita zakkar. A Tsohon Alkawari doka ce, wannan babu mai musu. Amma ki duba wa aka ce a ba, kuma me aka ce a bayar. Littafin Ƙidaya 18:21 yace Lawiyawa aka ba ita, dalili kuwa da aka raba ƙasa ga kabilun Isra'ila su ba'a basu gādon gona ba, aikin alfarwar sujada aka ɗora musu, toh wanda bashi da gona dole wani ya noma ya bashi. Abinda ake fitarwa kuma amfanin ƙasa ne da dabbobi, Littafin Firistoci 27 ya faɗa, hatsi da 'ya'yan itace, sai dabbar da tazo ta goma in makiyayi yana ƙirga garkensa suna wucewa ƙarƙashin sanda. Sannan ga wurin da nakeso ki karanta da kanki a gida ki sa masa alama da biro, Maimaitawar Shari'a 14:28 da 29. A can akace duk shekara ta uku a tara zakkar a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Kinji ko? A cikin dokar da ake tsorata ki da ita, ke da yaranki kuna layin masu karɓa ne.

Malakai ɗin ma da dattijon ya karanta miki, da ya ɗan matsa da yatsansa sama zuwa aya ta 5 ta wannan sura ta 3 ɗin, da yaga Allah yana lissafa mutanen da zai yiwa shari'a, a cikinsu akwai masu danne ladan ɗan ƙwadago da masu zaluntar gwauraye da marayu. Tsakanin wannan ayar da ta maganar sata da dattijon ya karanta miki aya biyu ce kawai. Annabin yana magana ne da al'ummar Yahuda bayan sun dawo daga bauta a Babila, lokacin da Haikali yake tsaye amma rumbunsa ba komai, Nehemiya 13:10 ya nuna mana har Lawiyawa da mawaƙa sun watse kowa ya koma gona saboda ba'a basu rabonsu. Shiyasa ayar tace a kawo don a samu abinci a gidan Allah. Gaskiya abin ya min ciwo da naji an ɗauki wannan ayar an doki mace mai marayu da ita, na karanta wasiƙarki sau uku kafin na iya ɗaukar biro.

Masu cewa har yanzu dole ce suma suna da ayoyinsu, kuma bazan ɓoye miki su ba. Suna kawo Farawa 14:20, Ibrahim ya ba firist Malkisadik zakka tun kafin a haifi Musa, wato ta girmi Shari'a kenan. Suna kawo Matiyu 23:23, inda Yesu ya tsawata wa Farisiyawa don suna fitar da zakkar ganyen miya har da na'ana'a amma sun bar adalci da jinƙai da aminci, sai yace waɗannan ya kamata suyi ba tare da sun bar wancan ba. A cikin masu wannan ra'ayin akwai bayin Allah na gaske da nake girmamawa, wasu tare muka taso. Amma ni inda na tsaya shine, Ibrahim daga ganimar yaƙi ya bayar, sau ɗaya aka rubuta, kuma ba wanda ya umarce shi. Yesu kuma da Yahudawan dake ƙarƙashin Shari'a yake magana, Haikali yana nan Lawiyawa suna nan. Da manzanni suka zauna a Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 don su yanke abinda za'a ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba da suka bada gaskiya, irinmu kenan, abu huɗu suka lissafa kuma zakka bata ciki. Bulus da yafi kowa rubutu akan tara gudunmawa, sura biyu cur a 2 Korintiyawa 8 da 9, ko sau ɗaya bai ce kashi ɗaya cikin goma ba. Cewa yayi kowa ya bayar yadda yayi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba, domin Allah yana son mai bayarwa da daɗin rai, kuma abin karɓa ne gwargwadon abinda mutum yake dashi, ba abinda bashi dashi ba.

Toh zaki ce, in haka ne daga ina dolen ta shigo? Ai daga baya ne sosai. A shekarar 585 wani taron bishop-bishop a garin Makon na ƙasar Faransa ya yanke cewa wanda yaƙi biya a fitar dashi daga ikilisiya, sai a 779 sarki Shalman ya maida ita dokar ƙasa a daularsa, daga nan ta zama haraji kamar kowane haraji, da masu karɓa da kotu da gidan yari. A Ingila dami na goma, ɗan maraƙi na goma, ƙwai, madara, ulun tumaki, duk akwai rabon limamin unguwa a ciki ko kana zuwa cocinsa ko baka zuwa, har manyan rumbuna aka gina na dutse don tara kayan, wasu suna nan tsaye har yau. Abin ya ƙara lalacewa da sarki Henry na 8 ya rushe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1540, haƙƙin karɓar zakkar garuruwa da yawa ya koma hannun masu ƙasa da attajirai, ana siyar dashi ana gādonsa kamar gona. Manomi ya fitar da dami da sunan Allah, a kai gidan wani mai kuɗi da ko wa'azi bai taɓa yi ba.

Nan ne nakeso ki fahimci ƙaninki. Mutanen da suka fi tsayawa suka ce bazasu biya ba, ba marasa addini bane, masu addini ne da suka karanta Littafi da kansu. A Jamus a 1525 manoma suka rubuta buƙatu 12, ta biyu akan zakka take, suka ce ta hatsi zasu bayar amma jama'a su zasu tara ta su ciyar da limamin da suka zaɓa, ragowar a ba matalautan garin, ta dabbobi kuwa bazasu ƙara bayarwa ba. An murƙushe su da takobi. Bayan shekara ɗari da wani abu sai ga mutanen George Fox a Ingila, waɗanda ake kira Kweka, su kuma suna kiran kansu Abokai, tun daga wajen 1650 suka ce ko ƙwaya ɗaya. Hujjarsu Ibraniyawa 7 ce, cewa in an sauya firistanci dole shari'ar ma ta sauya, Almasihu ya ƙare firistancin Lawi, saboda haka wanda yake biyan zakkar Lawi kamar yana cewa ne Almasihu bai zo ba. Sai suka haɗa da Matiyu 10:8, kyauta kuka samu ku bayar kyauta, suka riƙa kiran limamin da hukuma ke tilasta a biyashi ɗan haya.

Kuma sun sha wuya fa ba da wasa ba. Dokar ƙasar ta yarda a ci mutum ninki uku na abinda yaƙi biya, sai azo a kora masa saniya ko a kwashe tukwane da gado akan bashin da bai kai rabin kuɗin kayan ba, wasu an kulle su shekaru, wasu a kurkukun suka mutu. Wahalar ta yi yawa har a 1675 suka kafa kwamiti na musamman da aikinsa rubuta sunayen waɗanda aka kama da abinda aka ƙwace da kuma kai kokensu ga hukuma. Ko dokar sassauci ta 1689 da ta basu damar yin sujadarsu a fili bata ɗauke musu zakkar ba. Abinda yake burge ni dasu shine in ɗan cikinsu ya gāji haƙƙin karɓar zakka daga ubansa, sukan ce shima kada ya karɓa. Mai rowa baya yarda a ɗauke masa saniya akan bashin akuya, kuma baya ƙin kuɗin da doka ta bashi.

Dattawan Kano basa buƙatar a musu dogon bayani akan wannan. Ni na ga lokacin haraji da jangali da idona a ƙauyenmu, yadda magidanci zai kwana a gona in yaji masu karɓa sun shigo gari, a kama akuyar matarsa a ɗaure a ƙofar gidan mai gari tana ta kuka, ba'a rabu da abin ba sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a 1979. Toh ki ɗauki wannan hoton ki sa sunan Allah a kansa, shine abinda waɗancan mutanen suka ce bazasu yarda ba.

A Ailan abin har jini ya zuba. Mafi yawan mutanen ƙasar 'yan Katolika ne amma doka ta tilasta musu ciyar da limaman Angalika, daga 1831 zuwa 1838 suka ƙi biya, a watan Disamba na 1834 a wajen garin Rathcormac sojoji suka raka masu karɓa gidan wata mata da mijinta ya rasu, jama'a suka tare, aka buɗe wuta aka kashe aƙalla mutum 12. A Amurka kuwa 'yan Baptis ne suka ɗauki maganar, mahaifiyar wani babban mai wa'azinsu Isaac Backus ita ma gwauruwa ce, aka kulle ta a 1752 don taƙi biyan harajin limamin gari. A ƙarshe jihar Bajiniya tayi doka a 1786, wadda Thomas Jefferson ya tsara, tace tilasta wa mutum ya bada kuɗi don yaɗa abinda bai yarda dashi ba zunubi ne kuma zalunci ne, ta ƙara da cewa ko malamin ɗarikarsa ne bai kamata a tilasta masa ciyar dashi ba. Jihar Masacusets ce ta ƙarshe da ta bari, a 1833. Faransa tun 1789 ta soke tata. Jamus dai har gobe gwamnati tana cire wa 'yan coci kashi 8 ko 9 cikin 100 akan harajin da suke biya, ta miƙa wa cocin, wanda baya so sai yaje ofishin hukuma ya rubuta ya fita.

Mu nan Najeriya ba dokar ƙasa ba ɗan sanda, tsoro ne yake aikin da ɗan sanda yayi a can, tsoron la'ana, tsoron a karanta sunanka a gaban jama'a, tsoron ranar biki ko ranar jana'iza a juya maka baya. Tun 2017 ake ta wannan muhawarar a Facebook da rediyo. Kuma ki sani a watan Oktoba na 2024 Fasto Enoch Adeboye, shugaban cocin Redeemed, ya tsaya gaban matasansa ya nemi afuwa akan maganar da ya taɓa yi cewa wanda baya bada zakka bazai shiga sama ba, yace wannan baya cikin Littafi Mai Tsarki. Bai ce a daina bayarwa ba, shi ma cewa yake a wuce kashi goma, amma ya janye barazanar, kuma na yaba masa don ba ƙaramin abu bane mutum mai wannan girman yace nayi kuskure.

Abinda zan ce kiyi: ki samu shugabar Zumuntar Mata ta raka ki wajen fasto, ba wajen dattijon ba, cikin ladabi ki faɗa masa abinda aka faɗa miki kalma da kalma, ki tambaye shi shin wannan dokar coci ce a rubuce ko ra'ayin mutum ɗaya ne. Sau da yawa zaki tarar fasto bai ma san anyi ba. Ki faɗa masa halin da kike ciki ba kunya, mai ɗaki shi yasan inda yake masa yoyo. Haya da kuɗin makarantar yara ki fara biya, 1 Timoti 5:8 ta ɗora wa kowa kula da mutanen gidansa, kuma wannan surar ce dai ta ɗora wa ikilisiya taimakon gwauraye. Abinda ya rage, ko ɗari biyu ce, ki saka da farin ciki, wata rana in Allah ya buɗa kika ga kinason bada kashi goma ki bayar, ma'auni ne mai kyau ni ma dashi nake amfani, amma don naga dama ne. Ƙaninki kuma ki faɗa masa nace ya riƙe tsohuwar nan da kyau, sai dai kada ya riƙa zagin masu bayarwa ko ya maida abin gardama a ƙofar coci, kuma ya tambayi kansa ko yana tunawa da cewa faston nasa ma yana da ciki.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba. Ni Musulmi ne ina da shago a Kantin Kwari, yaron shagona Kirista ne mun shekara shida tare, duk wata in na biyashi sai inga ya ware wani abu a ambulan yace zakka ce, sai abin yake ɗaure min kai, zakka kuma duk wata? kuma yaron da ko nisabi bai taɓa gani ba? Shin irin tamu ce ko suna ne kawai ya zo ɗaya?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, kuma na gode da kake kula da yaron har ka lura da wannan. Suna ne yazo ɗaya. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, kuma kalmomin addini da Bahaushe ya riga ya sani su aka ɗauka, shiyasa muke cewa zakka ko ushiri, muna cewa sujada da annabi da alkawari. Amma tsarin daban yake. Taku rukuni ce cikin rukunan Musulunci biyar, tana da nisabi, sai dukiya ta shekara, a fitar da kashi biyu da rabi cikin 100 a kuɗi da kayan kasuwa, kuma Suratut Tauba aya ta 60 ta lissafa mutane iri takwas da za'a ba, faƙirai da miskinai ne a farko. Wanda bai kai nisabi ba ba'a karɓa a hannunsa, shi ake ba ma. Inda muka fi kusa shine amfanin gona, ushirin da manomi yake fitarwa in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in ban ruwa yayi, wannan ɗin yayi kama sosai da ta Attaurar Musa. Ta coci a yau kashi ɗaya cikin goma ce na duk abinda ya shigo hannu, babu nisabi, kuma yawanci ita ke biyan albashin fasto da hidimar coci. Ta wannan ɓangaren tafi kama da kuɗin Laraba da muke gani yara suna kaiwa malamin allo, ko abinda mutanen unguwa suke haɗawa liman, wato ciyar da mai koyarwa. Rashin nisabin nan kuwa da ka lura dashi, Alhaji ka taɓa daidai inda yake mana ciwo, ka karanta amsar da na ba 'yar Brigade a sama.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni ƙaramin fasto ne a wata 'yar ikilisiya a bayan gari, membobina basu kai 60 ba yawanci masu gadi ne da leburori da mata masu wankau, albashina wata uku kenan ba'a biya ba matata ke riƙe gidan da suyar awara. Yanzu samari suna zuwa min da bidiyo a waya wai zakka yaudara ce fastoci ɓarayi ne, ni ko keke bani dashi. In kowa ya daina me zamu ci? Ba gara a ci gaba da wa'azin Malakai ba ko don tsoro su bayar?

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ta tuna min da gidanmu. Mahaifina mai bishara ne a wani ƙauye a kudancin Kano, ɗakin sujadar na jinka ne, bencin kuma ginin ƙasa. Albashin da ake aiko masa baya kai mu sati biyu, sauran fartanya ce, da asuba yana gona da hantsi yana koya wa yara karatu. Da kaka in anyi godiya kowa zai kawo abinda ya samu, dami na dawa, kwandon gyaɗa, wani kaza, a jera a gaban bagadi har ƙaiƙayi yana tashi a cikin hasken taga. Akwai wata tsohuwa da bata da kowa, duk shekara sai ta kawo gero a 'yar ƙwarya da aka ɗinke tsagarta da zare, baba zai karɓa da hannu biyu ya sa mata albarka a gaban kowa, da daddare kuma sai ya aike ni gidanta da kwano uku daga abinda aka tara, yace in ajiye a bakin ƙofa kada in tsaya. Mun kwana da yunwa a gidan nan ba sau ɗaya ba, saboda haka da kace me zamu ci, nasan ba a baki kawai kake faɗa ba.

Haƙƙinka yana nan a rubuce kuma baka buƙatar aro daga Malakai. 1 Korintiyawa 9:14 tace Ubangiji ya umarta masu shelar bishara su ci abinci ta hanyar bishara, Luka 10:7 tace ma'aikaci ya cancanci ladansa, Galatiyawa 6:6 tace wanda ake koya wa Magana ya raba abubuwansa masu kyau da mai koya masa. Ikilisiyar da ta bar fastonta wata uku ba albashi alhali tana da halin biya tayi laifi, kuma samarin da suke haɗa ka da fastoci masu jirgin sama sun zalunce ka, ka faɗa musu ni nace. Waɗancan mutanen da na bada labarinsu a sama ma yawancinsu ba ciyar da mai wa'azi suka ƙi ba, 'yan Baptis suna biyan nasu da hannunsu, Kweka suna ɗaukar nauyin tafiyar masu wa'azinsu da iyalan waɗanda aka kulle, tilas ɗin suka ƙi.

Amma wa'azin tsoro kam a'a, ban yarda ba ko kaɗan. Mai gadin da yake karɓar abinda bai kai mafi ƙarancin albashi ba, ka ce masa Allah zai la'ance shi in bai cire kashi goma ba, zai bayar ɗin wata biyu wata uku, ranar da yaronsa ya kwanta zazzaɓi ya rasa kuɗin magani sai ya ɗauka Allah ne ya kamashi, ko kuma ya daina zuwa gaba ɗaya don kunya, ka rasa kuɗin ka rasa mutumin. Bulus a wannan 1 Korintiyawa 9 ɗin da ya kafa haƙƙinsa, a nan ne kuma yace bai mori haƙƙin ba don kada ya zama cikas ga bishara, a Koranti ɗinkin tanti yayi tare da Akila da Bilkisu, ya kuma faɗa wa dattawan Afisa cewa hannuwansa ne suka biya masa bukatunsa. Ba ina cewa ka haƙura da yunwa bane, cewa nake sana'a ba abin kunya bace ga fasto, kuma awarar matarka aikin Allah take riƙewa, ka gode mata a gaban jama'a.

Abinda naga yana aiki shine buɗe littafin kuɗi. Ka kira dattawa da ma'aji, ku rubuta a babbar takarda abinda ya shigo a wata shida da inda ya tafi, wuta nawa, haya nawa, abinda ake turawa sama nawa, albashin fasto nawa ne kuma wata nawa ake binsa, ku manna a bango ba tare da sunan wanda ya bayar ko wanda bai bayar ba. Ka kira samarin nan masu bidiyo ka sa biyu daga cikinsu cikin masu ƙirga baiko ranar Lahadi, su gani da idonsu 'yan hamsin hamsin da ɗari ɗari da suka yage nawa suke zama in an haɗa. Ka rubuta wa shugabannin gundumarku wasiƙa akan albashin wata ukun nan, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Katin zakka kuwa in kuna dashi, ka bar wanda yakeso ya riƙe nasa tsakaninsa da ma'aji, amma ka hana a tambaye shi ranar biki ko suna ko jana'iza. In kayi wata uku a haka ka sake rubuto min abinda ka gani, kuma ka saka lambar da za'a same ka a wasiƙar, bazan buga ta ba, akwai wasu dattawa a Sabon Gari da nakeso in haɗa ka dasu akan maganar keken.